ƊAN MUTUMIN DA KE CIKIN IDO: YADDA LIKITOCI KE AUNA GABAN IDO DA HASKE

 

Kafin mu shiga bayani ga wani ɗan aiki. Ka kira ƙanenka ku je kusa da taga da rana, shi ya fuskanci hasken, kai kuma ka matso ka dubi baƙin idonsa da kyau. Me ka gani? Za ka ga tagar nan ta ƙanƙance ta koma kamar ƙwayar dawa, in kuwa ka ƙura ido sosai za ka hangi wani ɗan mutum a ciki yana kallonka. To, kai ne. Larabawa sun daɗe da lura da shi, shi ya sa suke kiran tsakiyar ido insanul aini, wato mutumin ido.

Yara da yawa sun ɗauki ɗan mutumin nan abin wasa. Ashe kuwa da shi likitocin ido ke aiki. Girmansa da siffarsa su ke gaya musu yadda gaban ido ya lanƙwasa, ba tare da sun taɓa idon ba. Da wannan awo ake zaɓen gilashin da za a dasa wa kakarku in an cire mata yana, kuma da shi ake gano wata cuta mai kama samari da 'yan mata tun ba ta ci ƙarfinsu ba. Abin da za mu yi bayani ke nan a wannan fitowa.

MECE CE ƘARNIYYA?

Abin da muke kira baƙin ido, launinsa daga ciki yake. A samansa akwai wani marfi garai-garai mai ɗan doro, kamar gilashin agogon hannu irin na da. In ka dubi idon mutum ta gefe za ka ga marfin ya ɗan turo waje. Shi ne Larabawa ke kira alƙarniyya, Turawa kuma suna cewa koniya. Sunayen nan biyu duk daga ƙaho suka samo asali, domin ƙahon dabba in aka fere shi ya yi siriri ƙwarai, haske yakan ratsa shi. Mu dai a nan za mu riƙa ce mata ƙarniyya.

Ƙarama ce ainun. Faɗinta daga dama zuwa hagu kusan milimita 12 ne, kaurinta a tsakiya kuwa ya ɗara rabin milimita da kaɗan. Ba ta da jijiyar jini ko ɗaya, abin da ya sa ta zama garau ke nan, kuma iskar da take buƙata ta cikin hawayen da ke lulluɓe da ita take samu. Amma fa cike take da jijiyoyin jin zafi. Shi ya sa ɗan yashi guda in ya faɗa ido sai ya hana babban mutum sakat.

Aikinta shi ne tattara haske. Hasken da ya taso daga abin da kake kallo a warwatse yake isowa ido, dole ne a tanƙwara shi ya haɗu wuri guda a bangon bayan ido, kamar yadda majigi ke aza hoto a kan farin ƙyalle. Abu biyu ke yin wannan aiki: ƙarniyya, da wani ɗan gilashi na halitta da ke bayan baƙin ido, wanda za mu kira gilashin ciki. Shi ne wanda ke yin fari-fari in mutum ya tsufa, a ce yana ta rufe masa ido.

Ana auna ƙarfin tattara haske da wani ma'auni mai suna dayofta. Kun san gilashin nan na ƙara girman rubutu, wanda yara ke ƙona takarda da shi a rana. Wanda ke tattara hasken rana a nisan mita 1, ƙarfinsa dayofta 1 ne. Mai tattarawa a rabin mita dayofta 2 ne, mai tattarawa a santimita 10 kuma dayofta 10. Idon mutum gaba ɗaya yana da ƙarfin kusan dayofta 60, kuma wajen 43 daga ciki na ƙarniyya ne ita kaɗai. Wato ita ke ɗauke da kimanin kashi biyu cikin uku na aikin. Wanda ya taɓa nutso a rafi ya buɗe ido ya san komai yakan koma dishi-dishi. Dalili shi ne ƙarniyya tana tanƙwara haske ne sa'ad da ya fito daga iska ya shige ta, in ruwa ya maye gurbin iskar sai mafi yawan ƙarfinta ya tafi.

IN SIFFARTA TA KAUCE

Tun da ƙarfin ƙarniyya daga doronta yake, kowane ɗan canji a doron yana taɓa gani. In doron ya yi yawa, ko kuwa idon ya cika tsawo, haske yakan haɗu tun bai kai bangon baya ba, sai mutum ya ga na kusa garau, na nesa kuwa dishi-dishi. Irin yaron nan ke nan da ke karanta littafinsa lafiya lau amma ba ya ganin rubutun allon aji sai ya dawo bencin gaba.

Wani kuma ƙarniyyarsa ba ta zagaye daidai kamar ƙwallo ba, ta fi kama da jikin ƙwai, ta wani ɓangare ta fi lanƙwasa bisa ga wani. Likitoci suna kiran wannan astigmatizim. Mai shi yakan ga ɗigo ya ja ya zama ɗan layi. Ku da kuke karatun Larabci da Ajami kun san abin da wannan ke jawowa. Ɗigo ɗaya ne ko biyu ke raba ba da ya a tsakiyar kalma, ɗigo biyu da uku ke raba ta da sa. Yaron da ɗigogi ke cakuɗe masa zai yi ta tuntuɓe a karatu, a yi ta yi masa faɗa ana cewa wasa ya sa a gaba, alhali kuwa idonsa ne ke buƙatar tabarau.

To, yaya za a auna abu irin wannan? Ba ya yiwuwa a ɗora masa rula, ga taushi, ga danshi, ga zafi in an taɓa, kuma ido ba ya tsayawa cik. Bahaushe ya ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A nan kam kima ba ta wadatar ba. A ƙaddara ƙarniyya yanki ce da aka yanko daga jikin wata 'yar ƙwallo. A yawancin mutane, daga tsakiyar ƙwallon zuwa bayanta kusan milimita 7.8 ne, wato ƙwallo mai girman ɗan magarya. In wannan tazara ta ragu zuwa 7.6 kawai, ƙarfin ido ya ƙaru da fiye da dayofta 1, kuma wannan ya isa ya dusashe wa yaro rubutun allo.

DARASIN BAYAN COKALI

Mafita tana cikin madafin gidanku. Ɗauki babban kwanon silba mai sheƙi ka kife shi ka dubi fuskarka, sa'an nan ka dubi bayan ƙaramin cokalin shayi daga nisa iri ɗaya. A jikin kwano fuskarka ta ɗan rage girma, a bayan cokali kuwa ta ƙanƙance sarai. Ƙa'idar ke nan: madubi mai doro yana ƙanƙantar da hoto, kuma gwargwadon tsananin doronsa, gwargwadon ƙanƙantar hoton. Har ila yau ka lura da cewa fuskarka a bayan cokali ta yi tsawo ta inda cokalin ya miƙe, ta matse ta inda ya fi lanƙwasa.

Ƙarniyya da hawayen da ke kanta madubi ne mai doro. Mafi yawan haske yakan ratsa ta ya wuce ciki, amma ɗan kaɗan yakan dawo waje, shi ne ɗan mutumin da ka gani a idon ƙanenka. Saboda haka in mun san girman abin da muka sa a gaban ido, mun san nisansa, muka kuma auna girman hotonsa, lissafi zai ba mu doron ƙarniyya.

Ilmin madubai masu doro tsohon ilmi ne. Alhasan Ibnul Haisam, wanda aka haifa a Basra wajen shekarar 965 ya kuma rasu a Alƙahira wajen 1040, ya rubuta Kitabul Manazir a juzu'i bakwai. A ciki ya kafa hujja cewa gani yana samuwa ne da hasken da ke shiga ido daga waje, ya kuma yi dogon bincike a kan yadda hoto ke fitowa a madubai iri-iri, da masu doro da masu rami. An fassara littafin zuwa Latin, malaman Turai suka yi ɗaruruwan shekaru suna karanta shi.

A shekarar 1619 wani malami Bajamushe, Christoph Scheiner, ya bayyana wata dabara mai sauƙi. Ya tanadi ƙwallayen gilashi masu girma daban-daban. Sai ya zaunar da mutum yana fuskantar taga, ya riƙa kara ƙwallayen ɗaya bayan ɗaya kusa da idonsa, har ya sami wadda hoton taga a jikinta ya yi daidai da hoton taga a cikin idon. Doron wannan ƙwallo shi ne doron ƙarniyyar mutumin. Kun ga awo ba tare da taɓawa ba.

NA'URAR KERATOMITA

Dabarar Scheiner kimantawa ce da ido. Na'urar da ta kawo awo na ƙwarai ta fito ne cikin shekarun 1850 daga hannun wani masani Bajamushe, Hermann von Helmholtz. Babbar matsalar da ya warware ita ce ta motsin ido. Ko mutum ya yi iyakar ƙoƙarinsa ya tsai da idonsa, idon yana ɗan rawa, hoton da ke kansa ma yana rawa, ba dama a auna shi da ma'auni tsayayye. Sai ya sa wasu gilasai a cikin na'urar masu raba hoton ya zama biyu. Mai awo zai yi ta murɗa su, hotunan biyu suna nesanta da juna, har gefen wannan ya taɓa gefen wancan. Tazarar da aka matsar da su ita ce faɗin hoton. Ko ido ya motsa, hotunan biyu tare suke motsi, awo bai ɓaci ba.

A 1881 wasu likitoci biyu, Emile Javal mutumin Faransa da Hjalmar Schiotz mutumin Norway, suka sauƙaƙa na'urar a birnin Faris yadda likita zai iya aiki da ita a ɗakin duba marasa lafiya. A tasu na'urar ɗaya daga cikin alamomin da ake haskawa a ido tana da siffar matakala. Ana daidaita alamomin ta wani ɓangare, sa'an nan a juya na'urar a duba ɗaya ɓangaren. In alamomin sun hau kan juna, sai a ƙirga matakan da suka haɗe, kowane mataki dayofta 1 ne na astigmatizim. Abin tausayi, shi Javal daga baya ciwon hawan jinin ido ya makantar da shi. Irin wannan na'ura ita ake kira keratomita, wato ma'aunin ƙarniyya.

'Yan aji shida, ku ɗauko alƙalami mu gwada. A ce an sa zobe mai haske, mai faɗin milimita 60, a nisan milimita 80 daga ido, aka auna hotonsa a kan ƙarniyya aka sami milimita 3. A kusance ga yadda ake yi: a ninka nisan sau 2, ya zama 160. A ninka da faɗin hoto, wato 3, ya zama 480. A raba da faɗin zobe, wato 60, an sami 8. Ke nan daga tsakiyar 'yar ƙwallon nan zuwa bayanta milimita 8 ne. Don a mai da shi dayofta, masu ƙera na'urar sun tsai da wata lamba, 337.5, wadda ake rabawa da abin da aka samu. In ka raba 337.5 da 8 za ka sami 42 da ɗan ɗoriya. Wannan ƙarniyya lafiyarta ƙalau. Yanzu a ce hoton milimita 2.7 ne. Ku lissafa da kanku, za ku sami 7.2, wato kusan dayofta 47. Hoton ya ragu da abin da bai kai sulusin milimita ba, amma ƙarfin ido ya ƙaru da kusan dayofta 5, kuma likita zai so ya ƙara bincikar wannan ido.

A yau akwai keratomita mai sarrafa kanta. Wanda ya taɓa zuwa gwajin tabarau aka ce ya aza haɓarsa ya leƙa ya kalli hoton wani ɗan gida ko balan-balan can ƙarshen hanya, to, sau da yawa na'urar nan tana auna ƙarniyyarsa a daidai wannan lokaci. Sai dai keratomita tana da iyaka. Ɗan fili mai faɗin kusan milimita 3 a tsakiyar ƙarniyya take aunawa, kuma a wurare ƙalilan. Kamar mutum ne ya auna tsakar gida ya ce ya san unguwa.

FAIFAN FILASIDO

Wanda ya buɗe hanyar ganin unguwar gaba ɗaya wani likitan ido ne na ƙasar Fotugal, Antonio Placido, wanda za mu kira Filasido bisa lafazinmu. A 1880 ya fito da wani abu mai kama da faifan da iyayenmu mata ke saƙawa: zobba baƙaƙe da farare, wani cikin wani, da 'yar kafa a tsakiya. Marar lafiya yakan ba haske baya, likita ya riƙe faifan a gaban idonsa, ya leƙa ta kafar ya dubi hoton zobban a kan ƙarniyya.

Karatun hoton ba wuya. In ƙarniyya lafiyayya ce, zobban za su fito a zagaye, tazararsu daidai. In tana da siffar ƙwai, su ma za su fito kamar ƙwai. Inda ta yi tsini zobban sukan matsu su cunkushe, inda ta baje kuma su buɗe. In akwai tabo, irin wanda ƙyanda ko rauni ke bari, zobban sukan karye su yi gicciye a wurin.

A 1896 Allvar Gullstrand, mutumin Suwidin, ya ɗauki hoton zobban da kyamara, ya zauna ya auna tazararsu ɗaya-ɗaya ya yi lissafi da hannu. Aiki ne mai cin lokaci ƙwarai. Shi wannan malami ya sami kyautar Nobel a 1911 saboda bincikensa a kan yadda ido ke sarrafa haske. Sai cikin shekarun 1980, da kwamfuta ta samu, aka ɗora mata wannan lissafi. Yanzu zobban suna cikin wani abu mai kama da ƙwarya mai fitila a ciki. Mutum ya leƙa, kyamara ta ɗauki hoto, kwamfuta ta auna dubban wurare a kan ƙarniyya nan take, ta fitar da taswira mai launi.

Taswirar tana kama da ta darasin labarin ƙasa, inda ake ba tsaunuka launi daban, kwari launi daban. Ja da ruwan goro suna nuna inda doro ya yi tsanani, kore matsakaici ne, shuɗi kuma inda ta baje. Mai astigmatizim na yau da kullum, taswirarsa takan nuna wata siffa kamar kalangu, baki biyu masu faɗi da ƙugu siriri a tsakiya. In kuwa aka ga jan tabo guda ya taru a ƙasan tsakiya, likita ya san akwai magana.

TSAGIN HASKE

Duk hanyoyin da muka ambata da hoton madubi suke aiki, don haka fuskar waje kaɗai suke gani. Kuma tun da hawaye ne ainihin fuskar madubin, in ido ya bushe awo yakan rikice. Ƙarniyya kuwa tana da fuskar ciki, tana da kauri, kuma wasu cututtuka daga can suke fara nuna alama.

Kun taɓa lura da hasken rana in ya shigo ɗaki mai duhu ta tsagin ƙofa, yadda yake yanka iska ya nuna ƙurar da ke cikinta? Haka ake yi wa ido. Ana aika siririn tsagin haske ya ratsa ƙarniyya, sai ta bayyana ta gefe kamar an yanka ta, ga fuskar waje, ga ta ciki, ga kaurin da ke tsakaninsu. Don hoton ya fito garau tun daga gaba har baya, ana karkata kyamarar bisa wata ƙa'ida da ake jingina wa Theodor Scheimpflug, wani hafsan sojan Ostiriya da ya yi aiki da ita a farkon ƙarni na 20 wajen ɗaukar hoton ƙasa daga sama don zana taswira. A na'urorin yanzu, irin su Pentacam, kyamarar tana kewaya ido cikin kusan daƙiƙa 2 tana ɗaukar hotuna 25 zuwa 50, kwamfuta ta harhaɗa su ta gina siffar ƙarniyya sukutum.

Akwai kuma wata hanya da ake kira OCT, wadda aka fara bayyanawa a Amurka a 1991. Tana kama da hoton ciki da ake yi wa mata masu juna biyu, sai dai a maimakon sauti da haske take aiki. Tana auna hasken da ya dawo daga kowane sashe na cikin ƙarniyya, har ta iya nuna kaurin 'yar fatar da ke samanta.

ME YA SHAFE MU?

Na farko, aikin yana. A aikin zamani ana cire gilashin ciki da ya yi fari, a dasa na roba a gurbinsa, kuma wannan na roba zai zauna ne har ƙarshen rayuwa. Likita Harold Ridley ne ya fara irin wannan dashe a Landan a 1949. Aikin ya yi kyau, amma gilashin da ya sa ƙarfinsa ya yi yawa ƙwarai, matar da aka yi wa ta fito ba ta ganin nesa sai da tabarau mai kauri. Daga irin wannan aka koyi cewa sai an yi wa kowane ido lissafinsa. Kafin aiki ana auna abu biyu, tsawon ido da doron ƙarniyya. Kuskuren dayofta 1 a awon ƙarniyya yakan bar kuskuren kusan dayofta 1 a ganin mutum bayan aiki. Saboda haka in kun raka kaka asibiti aka ce sai an yi awo tukuna, kada a ɗauka ja-in-ja ne ko neman kuɗi.

Na biyu, kuma shi ya fi shafar ku ɗalibai, wata cuta ce mai suna keratokonas, wato ƙarniyya mai tsini. Ƙarniyya takan yi siriri ta yi rauni, sai ta riƙa turowa waje sannu a hankali har ta yi tsini kamar malafa. Yawanci takan fara ne a shekarun balaga, ta yi ta ƙaruwa har mutum ya kai shekara 30 ko fiye. Takan kama ido biyu, amma ɗaya ya fi ɗaya. Tana bin jini a wasu gidaje, kuma likitoci sun tabbatar tana da alaƙa mai ƙarfi da yawan murza ido. A nan ne maganar ta zo ƙofar gidanmu, domin ƙaiƙayin ido mai naci ya yi yawa ga yara a ƙasashe masu zafi da ƙura irin namu. Kun san yaran da farin idonsu ya rine ya koma ruwan ƙasa, kullum hannu na ido.

A farkon cutar, in ka dubi idon ba za ka ga komai ba, har tabarau ma yakan gyara ganin na ɗan lokaci. Taswirar ƙarniyya ce ke tona ta. Amfanin ganowa da wuri kuwa babba ne. A 2003 likitoci a birnin Dresden na Jamus suka ba da rahoton wani magani: a jiƙa ƙarniyya da sinadarin bitamin B2, a haska ta da wani haske na musamman, sai zarurrukan da ke cikinta su ƙulle da juna ta yi ƙwari. Wannan magani tsai da cutar yake yi inda ta kai, ba ya mai da ƙarniyya yadda take a da. Kuma a yadda aka saba yin sa, ana son kaurinta ya kai wajen milimita 0.4. Wanda ya makara har ta sirance ƙwarai ko ta yi tabo, sai dai a koma ga gilashi mai tauri da ake ɗorawa a kan ido, ko kuwa dashen ƙarniyyar wani, aiki mai tsada da wuyar samu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Na uku, masu son sa gilashin nan da ake mannawa a ido, da masu son a gyara musu gani da hasken leza don su huta da tabarau, duk sai an auna ƙarniyyarsu. Aikin leza yana rage kaurin ƙarniyya ne, don haka wanda tasa ke da rauni tun asali ba a yi masa.

KIRA GA IYAYE

Iyayenmu, ga alamomin da ya kamata a lura da su. Yaro yana runtse ido in zai dubi nesa, ko yana karkata kai. An yi masa tabarau, ba a daɗe ba ya ce ya daina yi masa aiki, aka sake wani, shi ma haka. Da dare yana ganin fitilar mota da jela, ko ya ga wata ya zama biyu ko uku. Yana yawan murza ido da gaɓar yatsa. Ko kuwa akwai wani a gidan da aka taɓa ce masa yana da wannan cuta. In an ga haka a kai shi asibitin ido, a gaya wa likita duk abin da aka lura da shi, a kuma tambaya ko akwai buƙatar auna ƙarniyya. In babu na'urar taswira a wurin, a nemi takardar turawa zuwa babban asibiti, irin Cibiyar Kula da Ido ta Ƙasa da ke Kaduna ko asibitocin koyarwa na jami'o'i.

Gwajin ba zafi, ba allura, ba abin da ke taɓa ido. Yaro zai aza haɓarsa, ya jingina goshi, ya ƙifta ido sau ɗaya ko biyu don hawaye su baje, sa'an nan ya buɗe sosai ya kalli ɗigon haske. 'Yan mata su bar kwalli a ranar. Mai sa gilashin mannawa ya tambayi likita kwana nawa zai cire shi kafin gwaji, domin yakan danne ƙarniyya ya canza mata siffa na ɗan lokaci. A adana takardar sakamako da kyau, domin sai an gwada ta bana da ta baɗi ake sanin ko cuta na tafiya ko ta tsaya.

Game da ƙaiƙayi kuma, a nemi maganinsa wurin likita. Tsumma mai tsabta da aka jiƙa da ruwan sanyi, a ɗora a kan ido a rufe, yana rage shi. A guji sayen maganin ɗigawa a kemis ba da izinin likita ba, domin wasu daga cikinsu suna kwantar da ƙaiƙayi nan da nan, amma in aka daɗe ana sa su sukan jawo hawan jinin ido da yana. Haka nan a guji ɗiga nono, ko ruwan ganye, ko ruwan sukari. Tabon da irin waɗannan ke iya jawowa a kan ƙarniyya ba ya gogewa.

AIKIN GIDA

Ku sami kwali fari, ku yanka shi ya zagaye kamar faifai. Ku zana zobba baƙaƙe guda 5 ko 6, wani cikin wani, ku huda tsakiya da fensir. Ku ajiye ludayin ƙarfe mai sheƙi a kife inda haske zai faɗi a kan kwalin, ku leƙa ta kafar ku zana abin da kuka gani. Sa'an nan ku sake da bayan cokali, ku sake da cokalin da ya loɓa. Kada kowa ya haska rana a idon wani, kuma kada kowa ya mai da kansa likita da wannan kwali. Ku kawo zane-zanenku ga malamin kimiyya tare da amsar wannan tambaya: a bayan cokali, ta wane ɓangare zobban suka fi matsuwa, kuma me ya sa?

Wanda kuma ya san abokinsa a aji da ke fama da ganin allo, ko mai yawan murza ido, ya nuna masa wannan shafi ya kai wa iyayensa. Allah ya ƙara mana lafiya. Sai mun sadu a fitowa ta gaba. Wassalam.